Kofin Da Na Riƙe A Gonar Inabi

Akwai wulaƙancin da mutum kan shanye ya manta. Wannan nawa kam, ko tsufa ba zai goge shi ba. Zan faɗe shi bi da bi, yadda ya faru.

Shekara da shekaru ni nake jan salla a masallacin layinmu a unguwar New Bell ta Douala duk ranar da liman ba ya nan. Sai ƙanena da ke aikin ofis a Faransa ya kai ni can ganin likitan ido. Da aka gama, ya ce sai ya nuna mini gari. Muka shiga mota zuwa wani kwari da kogi ya ratsa. Gaskiya wurin ya yi kyau. Ruwan garau yake, ba irin na koginmu Wouri ba. Gonakin inabi sun hau tuddai layi-layi, ga tsofaffin gidajen sarakunansu na dutse, kowanne da hasumiya.

Daga nan muka sauka a gonar wani tsoho, abokin ƙanena. Ashe giya suke yi da inabin. Muna zama tsohon ya miƙo mini kofin gilashi yana murmushi. Mu a gidanmu ba a mayar da hannun mai masauki. Na karɓa, ban kai baki ba, da ya juya na ajiye. Tsakanin karɓa da ajiyewar nan ƙanena ya ɗauki hoto, ya tura wa dangi a waya, wai don su ga gidan sarkin da ke bayana. Bai gaya mini ba.

Kashegarin da na dawo Douala, liman ba shi da lafiya. Aka ta da iƙamar La'asar, na taka gaba kamar kullum, sai ladan ya riƙe mini hannun riga.

"Malam, ka huta yau. Ka sha hanya."

"Wace hanya? A gidana na kwana."

Wani mai shago a sahu na biyu ya ce, "Ai ba hanya kaɗai aka sha ba."

Aka yi dariya. A cikin masallaci! Wani aka gabatar, na bi shi salla. Bayan sallama ladan ya nuna mini hoton, mutane suna cewa ya zaga gari. Na miƙe na ce, "Na farko, ban sha ba. Na biyu, kun ce hoton nan ya kai har unguwannin Kassalafam da Deïdo. Wane ne cikinku ya tako gidana ya tambaye ni?" Kowa ya sunkuyar da kai.

Na kira ƙanena a waya a gabansu. Ya ce, "Yaya, ce n'est rien, ba komai ba ne, hoto ne kawai."

Na ce, "Kai kana can, ni nake zaune cikin mutane. Faɗa musu abin da ka gani."

Ya faɗa, ya rantse. Dattawa suka ce sun yarda da ni, amma hankalin jama'a ba zai kwanta a bayana ba, in ɗan yi haƙuri. Haƙurin nan har yau ba a ce ya isa ba. A sahu na farko nake tsayawa, wani yana jan mu.

Ƙanena na yafe masa, wauta ce ta wanda ya daɗe a waje. Mutanen da suka yi shekaru suna bi na salla, kuma suka yanke mini hukunci ba tambaya, su ne har yanzu raina yake ɓaci in na tuna. Abin da na koya ke nan: duk wanda ya kawo mini maganar wani, sai in ce ya tashi mu je gaban mai ita. Yawancinsu nan take suke tuna suna da uzuri.