Zauren Kakanmu da Baƙon Abekuta

Ni dai yawo ya yi mini yawa, ko matata za ta ba da shaida. Aikin duba hanyoyi ya kai ni kusan ko'ina a ƙasar nan, kuma duk inda na sauka sai na tambayi abin kallon garin. Na yi wanka a ruwan ɗumin Yankari, kafin in fito biri ya gudu da burodina. Na tsaya gindin dutsen Zuma ina neman fuskar mutum da ake cewa tana jikinsa har wuyana ya ƙage. Ban gan ta ba, amma na ce na gani, kar a raina ni. Gurara kuwa da damina na je, ruwa na ruri, ba ka jin maganar na kusa da kai.

A Abekuta ina da wani abokin aiki, Bayarabe, a Kano ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ya hau da ni dutsen Olumo, ina haki yana dariya. Da muka kai sama ya ce, "Malam, ku Zagezagi me kuke da shi banda surutu?"

Na ce, "Sai ka zo birni ka ga zauren kakanmu."

Na kuwa zauna na zayyana masa. Ginin ƙasa ne, rufinsa a tanƙware ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Fuskarsa duk zane ne da magini ya fitar da hannu tun ƙasar tana ɗanya: ga takobi, ga allo, har da keke, don lokacin keke ne abin yayi. A nan kakanmu ya karantar har ƙarshen ransa. Abokina ya ce in Allah ya yarda sai ya gani da idonsa.

Shekaru suka wuce, ya yi ritaya. Rannan ina Minna sai ga wayarsa, wai bayan Sallah zai zo da matarsa, takanas don zauren. Na kira Yayana, wanda gidan yake hannunsa tun rasuwar Baba.

"Yaya, baƙo zai zo daga Kudu kallon zaure. Shara kawai za a yi, a kaɗe yana."

"Daga Kudu? Har da iyalinsa? Bar mini komai."

Ranar na tarbe su a tasha, muka shigo birni, na bar mota a bakin hanya muka bi lungu a ƙasa. Ina gaba ina ta cika baki. Wallahi sai da na wuce ƙofar gidanmu ban gane ba. Muryar Yaya ce ta dawo da ni: "Ina za ka kuma, uban yawo?"

Na juyo. Bango sumul da siminti, an shafa fenti kore. Tayil daga ƙasa har ƙugu. Ƙofar ƙarfe mai ƙyalli. Ciki an rufe saman da silin roba, fanka na juyawa. Yaya na tsaye cikin babbar riga, fuskar nan fal murna.

Na ja shi gefe. "Yaya, ina zanen?"

"Wane zane? Ai sai da aka kankare shi da diga kafin siminti ya kama."

"Shi suka zo gani!"

"Haba, kai ma dai. Mutum ya taso tun daga Abekuta da matarsa, a tarbe shi a bango mai tsaga? Ya koma ya ce 'yan birni a laka suke kwana? Kai kana can kana kallon duwatsun mutane, mu ne nan duk damina muke yaɓe."

Na juya na koma wurin baƙi. Yayana ne, kuma don ni ya yi.

Matar abokina ta riga ta fito da waya za ta ɗauki hoto. Ta dubi bango, ta dubi mijinta. Shi kuwa, mutumin kirki, ya kama hannun Yaya ya ce, "Alhaji, gida ya yi kyau, Allah ya sanya alheri." Sai matar ta ɗauki Yaya hoto a bakin ƙofarsa. Aka kawo tuwon shinkafa, muka ci, ni dai ban san da wace miya ba.

Da zan raka su muka bi ta bayan gida. A nan na ga inda ƙasar da aka kankare ta tafi: an cike wani rami da ita a tsakiyar lungu, masu babur na bi ta kai. Abokina ya tsaya ya duba, bai yi mini tsiya ba. Da ma ya yi, da na fi jin sauƙi.

Maƙwabta suka yi ta zuwa taya Yaya murna, suna tambayar wane magini ne. Kafin wata damina, lungun namu duk ya koma kore da shuɗi.

Yanzu in na je gaishe shi da rana, a waje muke shimfiɗa tabarma, don in ba wuta zauren ba ya zaunuwa, zafi kamar tanda. Yana fifita yana ce mini, "Ka ga dai na fitar da kai kunya."

Ni kuma in ce, "Ka fitar, Yaya."