Ciwon Haya na Yaya Birki

A unguwa an gama yanka wa Yaya Birki likkafani tun yana yawo da ƙafarsa. Mai kanti ya rantse ya gan shi a asibitin jami'a, hantarsa ta kumbura kamar tayar tirela. Mai wanki ya ce a'a, zuciya ce, ta yi ƙaura ta koma dama. Wata tsohuwa kuwa cewa ta yi likitoci arba'in sun yi layi a kansa, kowa ya danna cikinsa ya fito yana gumi, saboda haka ciki gare shi, kuma tagwaye.

To, kowa ya mayar da hawayensa. Layin gaskiya ne, sai dai masu layin ba su zama likitoci ba tukuna, shi kuma ciwon na haya ne.

Yaya Birki a kan sitiyarin bas ɗin ɗalibai ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Sunan ya samo shi ne don in ya hango kaza a wata unguwa, tun daga nan yake taka birki. Da ya ajiye tuƙi zaman gida ya ishe shi, shi ma ya ishi matarsa, har wata Farfesa da ya sha ɗauka tana ɗaliba ta kira shi aiki.

Jami'a ta lura ɗalibi yana iya cika takarda da sunayen cuta masu karya haƙori, amma a tsayar da shi gaban mai nishi sai ya rasa ta inda zai fara. Shi ya sa ake raba dogon ɗaki da labule, kowane lungu da gado da majinyacin ƙarya. Ɗalibi ya shiga ya yi tambaya, ya duba, malami na gefe da biro yana ba shi maki. Ƙararrawa na kaɗawa, sai lungu na gaba.

"Sharaɗi ɗaya ne, Baba," in ji Farfesa. "Ciwon da ka yi wa na farko shi za ka yi wa na ƙarshe. Ban da ƙari, ban da satar amsa."

Ciwon ciki aka ba shi, ya kuwa riƙe shi amana. In aka danna gefen dama ya saki ƙara, har mai shara ya taɓa yar da tsintsiya ya ruga kiran ɗauki.

Abin da jami'a ba ta sani ba, yana da nasa na gaske. Kullum da safe ƙeyarsa sara take, ido ya yi duhu. Amma ƙaton nan in ya ga allura sai ya nemi hanyar gudu.

"Baban yara, a asibiti kake wuni, ka ce a duba ka mana," in ji matarsa.

"Aiki nake zuwa, ba jinya ba."

Ran wata jarrabawa saran ya zo da ƙarfinsa. Ɗalibai suka yi ta shigowa, kowa idonsa a kan cikin, don nan maki yake. Can sai ga wata siririya mai tabarau. Ta fara danna cikin, ya yi ƙararsa yadda aka saba. Sai ta tsaya tana kallon hannunsa da ya tallabe ƙeya.

"Baba, wannan na jarrabawa ne ko naka ne?"

"Ciki, 'yata, ciki aka ce."

"Na ji. Miƙo hannun dai."

Ta jawo abin awon jini ta ɗaura masa. Ta duba, ta sake dubawa. Ƙararrawa ta kaɗa, rabin aikinta na nan ba ta yi ba. Ta juya wajen Farfesa ta ce, "Ranki ya daɗe, jininsa ya hau sosai."

Farfesa ta ajiye biro ta auna da kanta, nan take ta sa a kawo keken marasa lafiya. Ana tura shi yana waige: "Don Allah kar a kayar da yarinyar nan, ni na ɓata mata lokaci!"

"Makin ciki ta rasa rabi, wannan ba ni da yadda zan yi," in ji Farfesa. "Amma akwai makin lura da mutumin da ke kan gadon, shi kuwa ta cinye shi duka. Kwantar da hankalinka."

Hawan jini ne, an kama shi bai kai ga yin ɓarna ba. Ƙwaya kullum, a rage gishiri, shi ke nan. Yarinyar ta haye. Matarsa ta yi ta hamdala har da 'yar ƙwalla, sannan ta ɓoye robar gishiri inda ko ɓera bai sani ba. Ya koma bakin aiki, an ma ƙara masa girma zuwa ciwon ƙirji.

Taubashinsa ya je gidansa gaisuwa, ya tsaya daga ƙofa yana leƙen ƙarƙashin gado.

"Yaya, barka da sauka! Ina tagwayen? Ashe mutum sai ya tsufa yake zama gwanin ƙarya?"

Yaya Birki ya kora ƙwayarsa da ruwa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni ƙaryata jami'a ta ɗauke ta aiki, har ta ceci raina. Kai da kake zuba taka tun kana rarrafe, ko shayi ta taɓa sama maka?"