Kujerar Bahago Mai Zaman Mutum Biyu

Ina tsugune ina walda ƙafar wani gado, sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga gilashin fuska, na ga Bahago tsaye a bakin shagona. Har na buɗe baki zan tsokane shi, yau kuma ina za shi da riga mai guga, sai na ga ya dafa ƙofa da hannun dama, agogo kuma a hagu. Ba shi ba ne. Ɗan'uwansa ne da aka haife su tagwaye, wanda muke kira Akawu.

Ya ce, "Ya faɗi da safe a banɗaki. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa."

Na kashe injin. Abin da na iya yi ke nan.

Bahago gyaran kujeru yake yi, bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da nawa. Ni nake haɗa masa ƙarfe, shi ya sa soso da yadi. Kullum bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi, kuma hakan bai hana shi surutu ba. Almakashinsa na 'yan hagu ne, duk wanda ya ara sai ya dawo da shi yana tsaki. Ni Tartsatsi yake ce mini, wai aikina ne barazana ga yadinsa.

Bai taɓa aure ba. Matata ta sa shi gaba, yau ta kawo zancen 'yar ƙanwarta, gobe na wata maƙwabciya. Wata rana muna cin abincin rana a kan tsohon soso, ya ce, "Tartsatsi, ka ce wa madam ta huta. Ni zuciyata ba ta taɓa karkata ga mace ba. Ga maza take karkata, tun kafin in san sunan abin."

Loma ta tsaya mini a wuya. Ya miƙo ruwa ya ce, "Sha, kada ka mutu a shagona a ce ni ne."

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Na yi kwanaki ina gaishe shi sama-sama, sannan na ga mutumin nan dai shi ne wanda ya goya ɗana zuwa asibiti ranar da ba na nan. Na koma cin abinci da shi. Daga baya na gane dalilin da wani mai yankan gilashi daga can ƙarshen layi yake zuwa da kwano biyu, ya zauna shiru yana tsince masa zare a riga.

Abin da ya fi cin ransa ba maganar mutane ba ce, Mama ce da Inna. Suna yara mahaifinsu ya rasu, Mama ta kasa riƙe biyu, ta ba ƙanwarta, wato Inna, Bahago. A lokacin Inna 'ya'ya mata kawai gare ta. Da Mama ta fahimci halin da ɗanta yake ciki, sai ta yi lissafinta: ciki ɗaya, fuska ɗaya, wanda ta riƙe ya yi aure har da 'ya'ya, wanda ta bayar bai yi ba. Ashe ke nan tarbiyya ce. Ta ɗora wa Inna rabin laifi, ta ɗauki rabi. Ta daina zuwa gidanta, ko a taron dangi suka haɗu sai ta sauya wurin zama. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Na taɓa raka shi gidan Mama, na ji da kunnena.

Ya ce, "Mama, ɗan autan Inna fa? A cikin 'yan matan nan ya tashi, ga shi har gidansa ya yi masa kaɗan saboda yara."

Ta ce, "To in jini ne, me ya sa ɗan'uwanka ya tsira?"

"Wa ya koya mini hagu? Ba a ɗakinki muke ba lokacin? Har ɗaure mini hannu kika yi da ɗankwali. Na koyi ci da dama don ki ji daɗi, amma ki ba ni guduma ki gani."

Ta ce, "Kai dai bakinka ba ya mutuwa." Ta juya tana share ido.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta kawo gyaran kujeru, hira ta kai su nan. Ta ce masa masu bincike ba su gano dalili guda ɗaya ba. Gado yana da ɗan hannu a ciki, amma ko tagwaye masu kama ɗaya sau da yawa sukan bambanta, kuma ba a tabbatar cewa irin riƙon da aka yi wa yaro ne yake jawo shi ba. Ya kai wa Mama wannan magana da murnarsa. Ta ce ita ba likita ce ta haifa mata ɗa ba.

Daga nan ya daina gardama da ita. Ya ce in haɗa masa ƙarfen kujera mai zaman mutum biyu, zai kai ɗakin Mama, don tata ta lotsa. Ya gama ta tsaf, ya lulluɓe da leda, bai samu kaiwa ba.

Ranar da aka fara zaman makoki, ni da mai yankan gilashi muka ɗauke ta. Shi a ƙofar gida ya tsaya, ya ce in ƙarasa. Akawu ya fito ya kama ɗaya gefen, ya dube shi ya ce, "Shigo mana, ai kai ma naka ne." Muka fitar da tsohuwar, muka ajiye sabuwar, na ce wa Mama aikinsa ne na ƙarshe. Ta shafa yadin ta zauna a gefe ɗaya.

Can sai ga Inna, tana dogara sanda. Ɗakin cike da mata a ƙasa, ita kuma gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Wuri ɗaya ne ya rage. Ta zauna a can ƙarshe, tana manne da hannun kujera. Ba a jima ba soson ya fara aikinsa, a hankali suka gangaro tsakiya har kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Mama ta yunƙura za ta gyara zama, sai ta fasa. Na ji ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Kin ci wani abu kuwa?" Inna ta fashe da kuka. Na fita waje, don nawa idon ma ya cika.

Ana gobe zai rasu, da yamma, na leƙa shagonsa na same shi yana ɗaure ledar. Na zauna a kujerar don in gwada, na ji ina zamewa.

Na ce, "Bahago, tsufa ya kama ka. Ka sa na rage ƙarfe taƙi guda, yanzu kuma ka sa soso mai tauri a gefe, mai laushi a tsakiya. Mutum biyu suka zauna nan ai sai sun haɗa kafaɗa."

Ya tofar da ƙusoshin bakinsa a tafin hannu, ya yi dariya.

"Na gaji da bayani, Tartsatsi. Tashi kada ka ɓata mini yadi."

"Wa zai zauna a ɗaya gefen?"

Ya ce, "Kai dai gobe ka zo da wuri, ka kama mini mu kai."