Ranar da Ruwa Ya Shiga Kwamfutar Shagonmu

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na unguwar Briqueterie a birnin Yaoundé, wasu na manta da su tun kafin shekara ta zagayo, amma kwana huɗun nan da na yi ina yawo da matacciyar kwamfuta a jaka ba za su taɓa fita daga raina ba.

A shekarar korona ne. Ina aiki a wani shagon ɗinki, inda muke da babban keken surfani wanda ba ya motsi sai an ba shi zane daga kwamfuta. Ni ne mai zanen. Wuyan riga, aljihu, bakin hannu, duk a kan wata tsohuwar laftof nake tsara su, in zuba a filashi, in kai wa keken. Zanen shekara da shekaru suna cikinta, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Maigidanmu, wani Alhaji dattijo da ya riƙe ni tun zuwana daga Najeriya, doka ɗaya ya kafa mini: kwamfutar nan ba ta kwana a waje.

To, a lokacin komai ya tsaya. Ba biki, ba taron suna, an rufe iyaka, shadda ta yi wuya. Sai mu wuni muna ɗinka takunkumin rufe hanci. Matata kuma tana da tsohon ciki. Da wani mutum ya same ni a gefe ya ce in tsara masa zanen riga shi kaɗai, ba ta hannun shago ba, ban yi dogon tunani ba. Ranar Litinin da yamma na faki idon kowa, na sa kwamfutar a jaka, na nufi gidana a unguwar Ekoudou.

Taksi a kwanakin nan ba ya ɗaukar mutane da yawa, ka daɗe a bakin titi ba ka samu ba, don haka na taka da ƙafa. Ban kai rabin hanya ba hadari ya haɗo, ruwan Yaoundé kuwa ba ya sallama. Na rungume jakar a ƙirji ina gudu, na isa gida sharkaf. A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta: maimakon in bar ta ta bushe, sai na kunna ta don in ga ko lafiya. Ta haska sau ɗaya, ta yi wani ɗan ƙara, ta mutu.

Matata ta ce ta ji ana tura waya cikin shinkafa idan ta jiƙe. Muka binne kwamfutar a buhun shinkafa har safe. Ba abin da ya canza, sai ƙwayoyin shinkafa da suka maƙale tsakanin maɓallai.

Da safe na ce wa Alhaji kwamfutar ta ɗan rikice, na kai a duba ta. Ya ce to, amma in hanzarta, domin wani babban gida ya kawo ɗinkin Sallah, manyan riguna da na yara, aiki na farko mai kauri da muka gani cikin watanni. Kowa a shagon fuskarsa ta washe, ban da ni.

Kwana biyu ina zagaya masu gyara a wajen kasuwar Mokolo. Wani ko buɗe ta bai yi ba ya ce in dawo gobe zan same ta garau. Wani ya ce in jefar, ga wata zai sayar mini. Na rasa wanda zan yarda da shi. Abin da nake so a raina shi ne ta tashi ko ta halin ƙaƙa, in mayar da ita kan teburinta kamar ba a yi komai ba.

Wani mahauci maƙwabcin shagonmu ne ya ga na rame a tsaye, ya tambaye ni. Da na gaya masa rabin gaskiya, sai ya kwatanta mini wata mata mai gyara a wani lungu bayan masu sayar da katifa. Ya ce daga yankin masu Turanci ta gudo saboda rikicin can, kuma hannunta yana da kyau.

Wurin nata bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau a ɗaure da zare. Faransancina bai da ƙarfi, nata ma haka, sai muka koma Turancin Pidgin. Ta kwance kwamfutar a gabana, ta jawo fitila, ta nuna mini wani kore-kore da ya bi kan allon cikinta.

Ta ce, "Malam, ruwa ya ci nan da nan. Ka kunna ta tana jiƙe, ko?"

Na ce, "Eh, na kunna."

"Zan iya tayar da ita. Za ta yi maka sati uku, wataƙila wata guda. Daga nan ta mutu ana tsakiyar aiki, kuma ba mamaki ta tafi da duk abin da ke cikinta. Shawarata, a ciro ma'ajiyarta a kwashe aikinka, a nemi wata."

Na ce, "Madam, ki taimake ni ki tayar da ita kawai. Ba tawa ba ce. Mai ita bai san na fita da ita ba."

Ta cire tabarau ta dube ni sosai. Ta ce ta bar shago cike da kaya a garinsu, ta fito da jaka ɗaya da 'ya'yanta, ba wanda ya san ta a nan. Abin da ya sa mutane suka fara zuwa wurinta shi ne ba ta yin gyaran da ta san ba zai riƙe ba. "In na yi maka wannan, kai za ka samu barcin sati uku. Ranar da ta mutu fa? Da me za ka fuskance shi, ga ƙarya, ga aikinsa ya tafi?"

Na ji haushinta a lokacin, ba zan ɓoye ba. Aiki na kawo mata a lokacin da kowa ke neman na abinci, ta ƙi karɓa. Amma na kasa tashi. Ta ciro ma'ajiyar, wata 'yar aba kamar akwatin ashana mai faɗi, ta haɗa da tata kwamfutar. Muka zuba ido. Can sai ga sunayen zanena suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe guda, wuyan wata riga da na yi wata biyu ina gyara shi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da kwashewa.

Bayan la'asar na sami Alhaji shi kaɗai yana tsinke zare a bakin wata riga. Na durƙusa na faɗa masa komai, har aikin gefen da ya sa na fita da ita. Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Zanen suna nan?"

"Suna nan, Alhaji, duka."

"Alhamdu lillahi." Ya ajiye almakashi. "Ruwa ba kai ka saukar da shi ba. Amma kwana uku kana kallon idona kana gaya mini abin da ba shi ba, wannan ya yi mini ciwo. Matarka na da tsohon ciki, ka kasa buɗe baki ka ce Alhaji ina cikin matsi? Ni wane ne a wurinka?"

Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ba shi haƙuri.

Washegari ya ce in kai shi wurin matar. Ya tsaya a ƙofar ɗan shagonta da babbar rigarsa, ya tambaye ta da kansa, a gyara ko a sake. Ta maimaita masa abin da ta gaya mini, ba ƙari ba ragi. Ya ce to ita za ta zaɓo mana wata, ko ta hannu ce, muddin ta yarda da ita. Ta rufe shagonta ta bi mu kasuwa, ta ƙi guda biyu, ta ɗauki ta uku, ta zuba mana komai a ciki. Ta kuma sa na yi kwafi biyu a gabanta, ɗaya a shago, ɗaya a gidan Alhaji.

Ɗinkin Sallah ya fita a kan lokaci. Aikin mutumin nan na gefe ma Alhaji ya ce a kawo shi shago a yi shi a fili. Bai sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma shi ya yi wa 'yata huɗuba da aka haife ta.

Na yi shekaru ina tuna mutanen nan biyu ina yi musu addu'a. Abin da na koya shi ne, idan abu ya lalace a hannunka, ka fara tambayar kanka ko gyara kake nema ko rufa-rufa. Kuma wanda ya gaya maka gaskiyar da ba ka so ji ba, alhali zai ci riba in ya yi shiru, ka riƙe shi da kyau, domin irinsa ba su da yawa.