Baffa Ya Ƙi Yin Shiru

Baffa, yayan mahaifina, mai aski ne, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba in ka cire ƙanin nasa. Shagonsa kujera ɗaya ce da benci da madubi mai tsaga a gefe. Bara fitsari ya fara yi masa gardama, ya je asibiti. Aka yi masa sikanin irin na masu ciki, sai dai nasa ta dubura aka sa na'urar. Takan ɗan danna tsokar nan ta maza da ke ƙasan mafitsara, inda ya yi tauri ya fito a allo da launi daban. Daga nan likita ya ɗebi nama ya gwada. Ciwon daji ne, amma an kama shi da wuri.

Da wani ne da ya ja bakinsa ya yi gum. Baffa kuwa duk dattijon da ya zauna a kujerarsa sai ya sha labari tiryan-tiryan, har da ta inda aka sa. Masu zuwa aski suka fara raguwa, wasu har suna cewa ya zubar da girmansa. Matarsa ta roƙe shi ya rufa wa kansa asiri. Ya ce, "Asirin me? Sata na yi?"

Ni tsorona mahaifina, Baba. Ya kasa zama wuri ɗaya saboda zaryar banɗaki, ya rame, amma da an ambaci asibiti sai ya ce gara ya mutu da mutuncinsa. Wallahi haushi har wuya yake kai mini.

Ran nan na kai shi aski a kan babur. Baffa ya aske masa gefe ɗaya tas, sai ya kashe inji ya rataye.

"Yaya, wuta aka ɗauke?"

"Wuta na nan. Sauran sai ka kawo mini hoton asibiti."

"Haba Yaya, da girmana?"

"Ni da aka yi wa, yaro ne? A bayana ka girma. Ba zan ɗauki gawarka saboda kunya ba."

Wasu shagunan aski sun cika layin, Baba ya sani. Amma bai nemi wani ya ƙarasa masa ba. Can ya kifa hula a kan rabin askin, ya ce mini, "Ta da babur, mu je asibitin."