Wankin Keziah a Ranar Sabuwar Shekara

Keziah Leadley ta girme ni da shekara goma sha biyu, kuma tun ina yawo da gajeren wando nake ganinta tana hawan gangaren Skelby da kwandon wanki a ka. Ni ba mai karatu ba ne. Ina ɗan shekara sha huɗu na bar makaranta na shiga kwale-kwalen babana, har ranar da igiya ta murɗe mini ƙafa na dawo tudu ina gyaran raga da shinge. Amma abin da na gani da idona zan iya faɗinsa, in an yi haƙuri da ni.

Garinmu a jikin dutse yake, gida kan gida har bakin teku. Babu mai tsakar gida, bayan ɗakinka bangon wani ne. Wuri ɗaya tak muke da shi shimfiɗaɗɗe, can sama inda hanyar mota ta ƙare, shi ne filin shanya. Kowane gida da dirkokinsa biyu na ɗaura igiyar shanya, an sassaƙa harafin sunan gidan a jiki. Tsohon mai ƙasar ya bar takarda tun zamanin kakanninmu, cewa filin na matan Skelby ne muddin ana shanya a cikinsa ranar Litinin.

Keziah tana shekara tara aka zaunar da ita sa wa ƙugiyar kamun kifi abinci, kamar kowace yarinya a garin. Ta auri Reuben tana ashirin. A guguwar 1953 teku ta ɗauke shi, ta bar ta da yaro ɗaya, Edwin. Bayan kwana goma sha ɗaya ruwa ya turo gawar, da saƙar rigar sanyinsa ta gane shi, don ita ta saƙa. Ta cire rigar ta wanke ta ninke a akwati, kamar yadda matanmu ke yi. Daga nan ta shiga wankau. Ta wanke wa likita, ta wanke wa fasto, ta wanke zannuwan gadon masaukin baƙi. Hannayenta kullum jajaye ne, a tsattsage. Bakinta kuwa sai wanda ya shirya. Matar likita ta taɓa ce mata kwalar riga ba ta fita ba, ta ce, "Uwargida, ni riga aka ba ni. In wuyan likita kike so a wanke, turo mini shi."

Zuwa 1972 garin ya ragu. Matasa sun tafi manyan jiragen kamun kifi a birnin Hull, har da Edwin, ko da yake matarsa Maureen da 'ya'yansu biyu suna nan ƙasa da gidan Keziah. Baƙin bazara sun sayi gidaje da dama. Wasu matan sun sami injin wanki suna shanya a gaban murhu. Masu hawa filin ranar Litinin ba su wuce tara ba.

Sai majalisar gunduma ta ce tana son filin ta yi wurin ajiye motocin baƙi. Wanda ya riƙe maganar Cyril Harland ne, akawu a majalisar, kuma ɗan garinmu. Ubansa ya nutse yana goye, ƙanwar uban, Nance Storr, ita ta raine shi da kuɗin gyaran kifi har ya yi karatu ya sa taye. Shi ya rubuta cewa an daina amfani da filin. Keziah ta sa fasto ya rubuta cewa ƙarya ne. Aka ce to, za a turo jami'i daga birni ya gani da idonsa, wata Litinin, abin da ya gani shi ke nan.

Wasiƙar ta iso kafin Kirsimeti. Litinin ɗin da aka tsayar ita ce ɗaya ga Janairu. A lokacin ranar ba hutu ba ce a Ingila, ma'aikata suna fita aiki.

A Skelby ba a wanki ranar sabuwar shekara. Wadda ta yi, ta wanke wani daga gidanta, kafin shekara ta ƙare za a ɗauki gawa. Ba mu taɓa jin wadda ta gwada ba. Jami'in birni bai san wannan ba, amma Cyril ɗan gari ne, ya sani sarai.

A kantin Mrs Dobson matan suka haɗu, ina tsaye ina jiran a auna mini taba.

"Mu wanke ran Lahadi mana," in ji wata amarya da aka auro daga cikin ƙasa, nesa da teku.

"Ranar Ubangiji? Ke daga wane daji aka kwaso ki?" in ji Nance.

"To a wanke ran Asabar, a yayyafa musu ruwa ran Litinin."

"Ruwa ya taɓa tufa ai an yi wanki, yarinya. Ko tsumman goge tebur ba na jiƙawa ranar."

Keziah ta ce, "Ni ba zan rataya busassun kaya in yi wa filin uwata ƙarya ba. Nance, ɗan da kika goya ne ya ɗana mana wannan."

Nance ta sunkuyar da kai. "Na sani. Da na san haka zai zama da na bar shi wurin kifi."

"Ni dai zan yi wanki," in ji Keziah, ta ɗauki burodinta ta fita.

Ran Lahadi bayan an taso coci na kai wa Keziah buhun kwal, na tarar da Maureen a tsaye tsakiyar ɗakin, ko kwat ɗinta ba ta cire ba. Jirgin su Edwin yana can wajen Iceland tun kafin Kirsimeti.

"Inna, ɗanki yana kan ruwa," in ji Maureen. "Ɗanki ɗaya. A kan filin ciyawa da ruɓaɓɓun itatuwa?"

"Na san inda yake. Ni na haife shi."

"To ki bari. Ga injina nan, ki riƙa kawo kayanki ina wanke miki har ki mutu."

"Injinki da ke cinye maɓalli? Na gode."

"Ba wasa nake ba, Inna. In wani abu ya sami Edwin, ba ni ba ke."

Keziah ta shiga ɗakin kwana ta jawo akwati. Warin kafur ya cika wurin. Ta fito da rigar sanyin Reuben, shuɗiya mai duhu, da ta babanta, da ta ƙanenta Silas wanda jirgin yaƙi ya nutse da shi.

"Ba zan taɓa ko safar Edwin ba, ba zan taɓa tawa ba," in ji ta. "Waɗannan zan wanke. Ruwa mai rigar yake ɗauka. Waɗannan kuwa ya riga ya ɗauke su, ya zo ya ƙara in ya iya."

"Wa ya ce miki haka abin yake? Uwata cewa ta yi kowane irin wanki."

"Ba wanda ya ce mini. Ni na ce."

Maureen ta fita ta bugo ƙofa. Keziah ta juyo gare ni. "Kai kuma Amos, ka tsaya kamar dirka. Gobe da safe ka zo ka ɗebo mini ruwa, in ba ka jin tsoro."

Ina jin tsoro, amma na ce to. Ba ni da mata ba ni da ɗa, wanda za a wanke daga gidanmu ni ne kaɗai.

Gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, ciyawa duk ta yi fari. Na ɗebo mata bokiti shida daga famfon unguwa, ta hura wuta ƙarƙashin tukunyar wanki. Da za ta sa rigar Reuben a baho ta tsaya.  Ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, na ji sunan Edwin a ciki, sannan ta danna rigar cikin ruwa.

Na koma gida na buɗe akwatin uwata na ɗauko rigar yayana Jabez, wanda shi ma teku ta ɗauke. Da na miƙa wa Keziah, ta matsa mini wuri a bakin baho. A garinmu namiji ba ya wanki, amma ranar na yi.

Ƙarfe tara ta ɗora kwando a ka muka kama gangare, ita a gaba, ni ina jan ƙafa da igiya a kafaɗa. Hanyar ta bi ƙofar kowa, kuma ruwa yana ɗiga daga kwandon a kan duwatsu. Labule yana motsi gida bayan gida. Ba wadda ta leƙo.

Muka ɗaura igiya muka shanya riguna huɗu, a filin da ke da dirka sama da sittin. Keziah ta duba ta ce, "Ba yawa. To, haka zai gani." Muka tsaya muna hura hannu.

Wajen ƙarfe goma na hango kwando yana tahowa. Nance ce, tana haki, tana tsayawa kowane taku goma. Ta sauke ta ce, "Kar ki kalle ni, Keziah. In na mutu bana ke ce."

"Kin kai saba'in da tara, Nance. In kin mutu bana shekaru ne."

Rigar ɗan'uwanta ce a kwandon, uban Cyril, da ta mijinta. Bayanta sai ga 'yan gidan Cole su biyu, sai Mrs Dobson da ta rufe kanti, sai waɗansu da rabonsu da filin tun da suka sayi inji. Ba gidan da ba shi da irin akwatin nan a Skelby. Kowace ta nufi dirkokin gidansu. Wasu dirkokin sun ruɓe, na bi ina tokare su da duwatsu. Da aka gama na ƙirga riguna arba'in da uku, kusan duk shuɗaye, kuma kafin rabin awa sanyi ya sandarar da su, hannayensu a buɗe, iska tana kaɗa su suna ƙara kamar katako.

Ƙarfe sha ɗaya mota ta tsaya. Jami'in, wani Mista Pryce, gajere mai tabarau, ya fito da littafinsa, Cyril yana bayansa. Cyril ya yi taku kaɗan ya tsaya.

Mista Pryce ya bi igiyoyin yana ƙirgawa. Ya taɓa hannun wata riga, ya murza ƙanƙarar a yatsunsa. "Yau aka wanke su kuwa," in ji shi. "Amma baiwar Allah, duk garin nan rigar sanyi kawai kuke sawa? Ba zanen gado, ba kayan yara?"

"Ranka ya daɗe, tambayi Cyril," in ji Keziah. "Shi ya zaɓi ranar, ya san dalili."

"Mrs Leadley, ranar da ofis ke da sarari ce kawai," in ji Cyril.

"Mrs Leadley? Ni da na wanke maka ɗuwawu a bahon nan nawa? Matso ka gaida ubanka, ga shi can a igiyar Nance, na biyu daga dama."

Cyril ya dubi igiyar. Nance ba ta ɗago ba, tana gyara wuyan rigar. Ya juya ya koma mota ya rufe ƙofa, bai sake fitowa ba. Mrs Dobson ce ta yi wa Mista Pryce bayani, a taƙaice. Ya cire hularsa ya riƙe, sanyi ya sa ya mayar. Ya tambayi sunan kowace mace ya rubuta, goma sha bakwai, sannan ya dube ni.

"Kai fa?"

"Rubuta shi cikin mata," in ji Keziah. "Ya fi wasunsu iya matsa."

Kwana goma sha takwas suka biyo baya kafin jirgin su Edwin ya shigo Hull. A cikinsu Keziah ta rame. Nakan kai mata kifi in dawo washegari in tarar da shi a faranti. Amma Litinin biyu da suka faɗo a tsakani duk ta hau filin da wankinta, kai a miƙe, ta ƙofar Maureen. Da Edwin ya dawo lafiya aka ba shi labari, dariya ya yi, ya ce da ya sani da ya aiko da nasa kayan, sun fi na matattu datti.

Maureen ba ta yi dariya ba. Ta ce wadda ta iya sa ran ɗanta a caca sau ɗaya za ta iya sau biyu. Kafin Ista ta sa Edwin ya nemi gida a Hull, suka kwashe da yaran. Edwin yakan zo shi kaɗai. Jikokin kuwa sai a hoto, har suka girma.

A watan Maris takarda ta zo cewa filin yana nan a hannun matan Skelby. Majalisar ta sayi gonar wani can gaba ta yi wurin motocinta, baƙi suka riƙa taka rabin mil suna ƙunƙuni. Nance ta rasu a watan Nuwamba na shekarar. Wasu suka ce wankin ne, wasu suka ce ƙirjinta ne da ya daɗe yana damunta. Cyril ya zo jana'iza ya tsaya a baya.

Keziah ta ci gaba da hawan gangaren har ta kai saba'in da ɗaya, ƙarshe ni nake ɗaukar mata kwandon, gurgu yana taimakon tsohuwa. Wata Litinin muna hutawa a tsakiyar hanya na tambaye ta ko da za a mayar da ita ranar, ganin abin da ta rasa, za ta sake.

Ta daɗe tana kallon rufin gidan da su Maureen suka bari. Sannan ta ce, "Yaran nan sun yi mini ciwo, Amos, har gobe. Amma da na zauna a ɗaki ranar, da yanzu motar wani ce a kan dirkar uwata, ni kuma ina shanya ɗan kamfaina a kan kujera kamar 'yar haya. Tashi mu tafi, iskar nan ba za ta jira mu ba."