Kafintan da Ya Kwashe Ƙofofin Unguwarmu

Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwarmu ya san Baba Kafinta: gajere, fensir a bayan kunne, bai taɓa gama aiki ranar da ya yi alkawari ba. Mahaifinsa ne ya yi yawancin ƙofofin unguwar, shi kuma ya tsufa yana gyara su. Da aka zo rushe gidajenmu don faɗaɗa titi, kowa na ta fama da katifa da tukwane, shi kuwa ƙofofin mutane yake cirewa yana lodawa a baro.

"Malam, a kan ƙofa za mu kwana ne?" in ji matarsa.

"Ke dai kama min can."

Mun yi masa dariya, ni ce ma kan gaba.

Aka mayar da mu sababbin gidaje, duk fenti ɗaya, ƙofar ƙarfe iri ɗaya. Kakata, wadda idonta ya yi rauni, tunaninta ma ya fara gushewa, ta ce atafau nan ba gidanta ba ne. Kullum sai ta ɗaure ƙunshinta ta fice neman gida. Ranar da aka tsinto ta a tsakiyar sabon titi, motoci na kauce mata, na zauna na sha kuka, don na san wata rana gawarta za a kawo mana.

Washegari sai ga Baba Kafinta da baro. Tsohuwar ƙofarmu ce, da tabon gobarar da aka yi tun ba a haife ni ba, da zanen wuƙa inda kakana yake auna tsayin 'ya'yansa. Ya cire ta ƙarfen, ya kafa tamu. Na ɗauko mai zan ɗiga wa ƙofar don ta daina ƙara, ya buge min hannu.

"Kul, jikata! Ƙarar nan na kawo."

Ya tura ƙofar, ta yi kukan nan nata. Kaka ta riga ta kai bakin hanya da ƙunshinta, sai ta tsaya cak. Ta juyo, ta zo ta shafa katakon.

"Wane marar hankali ne ya bar min ƙofa a buɗe?"

Ta shige, ta ajiye ƙunshi. Daɗi ya kama ni, na shiga yi wa Baba Kafinta godiya.

Nan da nan maƙwabta suka yi layi a gidansa, kowa na neman tasa, matarsa na rabawa tana cewa ai ita ta ba shi shawara. Kaka kuwa ba ta sake fita neman gida ba. Bayan shekaru ta rasu a kan gadonta, kuma ta wannan ƙofar aka fito da ita.